Zauren Audu Mai Wankin Hula

An haifi Audu ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1961, a gidan Malam Sule mai wankin hula da ke Jakara. A wancan zamani rafin Jakara a buɗe yake, ba a rufe shi da kankare ba, kuma da hantsi ana jin ƙarar mabugin Malam Sule har bakin Kurmi, domin babu babur ko ɗaya da zai haɗiye ta. Zauren gidan ginin ƙasa ne mai kauri, rufin azara, tsawonsa taku bakwai, faɗinsa biyar. A cikinsa Audu ya yi rarrafe, a cikinsa ya yi furfura, kuma a kansa ne aka kai shi gaban likita yana da shekara sittin da biyu.

Audu bai yi magana ba sai da ya shekara biyar. An ba shi rubutu ya sha, an yi masa hayaƙi, wata gwaggonsa har ta samo ragowar ruwan da aku ya sha aka ɗura masa. Bai ce uffan ba. Zama yake yi a kusurwar zaure yana jera kawunan iccen da ake kifa hula a kansu, daga ƙarami zuwa babba, in wani ya gusar da ɗaya ya yi ta kuka har a mayar. Rannan wani attajiri ya zo karɓar wankinsa, Malam Sule ya miƙa masa wata damanga, ya kifa a kai ya juya zai fita. Sai aka ji murya daga kusurwa.

"Ba taka ba ce."

Maganar Audu ta farko ke nan a duniya. Aka duba, ashe kuwa ta wani ce. Uwarsa ta yi sadakar waina a ranar. Attajirin, wanda tun da ya karɓi hular ya gane ta fi tasa kyau, bai sake kawo wanki gidan ba.

Da ya kai shekara tara Malam Sule ya zaunar da shi ya biya masa gaisuwa kamar yadda ake biya wa yaro allo. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, yaya jama'a, yaya haƙuri da mu. Audu ya haddace tambayoyin shida da amsoshinsu a zama ɗaya, sannan ya ce, "Baba, in an san amsar, me ya sa ake tambaya?"

"Haka ake yi."

"In akwai gajiyar fa?"

"Ka ce babu."

Daga nan ya fara tara dokokin zama da mutane a kansa, ɗaya bayan ɗaya, kowace sai da ta ci masa duka ko dariya kafin ya same ta. In mai cin abinci ya ce maka bismilla, ba cewa ya yi ka ci ba. Wannan ya koye ta ne ranar da ya zauna ya share tuwon wani maƙwabci har da suɗe akushi. In mutum ya ce ga ni nan zuwa, ko wanka bai shiga ba. In ka ga wani ya rame, ko ya yi ƙiba, ko haƙorinsa ya fita, ka yi shiru, ba a yi wa mutum maganar jikinsa. Ya riƙe su duka, bai taɓa gane dalilin ko ɗaya ba. Mutanen unguwa masu kara suna ce masa Audu bawan Allah. Marasa kara sukan taɓa goshi da yatsa in ya wuce.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Audu bai taɓa iya tambayar fuska ba. Kallon ƙwayar idon mutum yana yi masa kamar kallon rana tsaka. Hula yake tambaya. Sauran masu wanki sukan ɗaura ɗan zare mai launi ko su rubuta suna a cikin hula don kada ta ɓata, shi bai taɓa yi ba. Hula ɗari biyu za su taru a zauren, zanna da damanga da ƙube da tangaran, ya jiƙa, ya goge da burushi, ya sa sitaci, ya kifa kowace a kan iccen da ya yi daidai da kan mai ita, ya shanya, ya buge. Ya san kowace da inda gumin mai ita yake tsayawa, da turaren da yake shafawa, da gefen da yake kamawa in zai ture ta baya wajen alwala. Tun 1979 da ya karɓi aikin daga hannun mahaifinsa, ba a taɓa jin hular wani ta kwana a gidan wani ba.

Ƙaninsa Nata'ala, wanda ya ba shekara huɗu, shi kuwa sai da ya yi magana kafin ya yi tafiya. Malam Sule ya ce Allah ne ya biya shi. Nata'ala kan durƙusa ya gai da dattijo har dattijon ya gaji, babu suna ko ɗaurin aure ko jana'izar da ake yi tsakanin Jakara da Mandawari ba a ga hularsa a sahun gaba ba. Ya shiga cinikin atamfa a Kantin Kwari, ya je Makka sau uku, ya gina gida a bayan gari. Duniya duka tana ce masa Alhaji, ban da yayansa, wanda bai ga dalilin da zai sa tafiya ta canja wa mutum suna ba.

Audu ya yi aure, abin da ya ba unguwa mamaki. Ranar da ya fara zuwa zance wurin Lauratu, bisa umarnin mahaifinsa, ya dubi ƙasa ya yi gaisuwarsa shida, ya tsaya nan. Da ta ga iyakarsa ke nan sai ta ce, "Ba ka ce komai a kan mayafina ba." Ya ɗaga kai ya duba. "Ɗinkin bakinsa ya karkace. Launin kuma bai hau da zanen ba." Ta koma cikin gida ta gaya wa uwarta shi take so. Samari huɗu sun rantse mata babu irin mayafin a Kano, alhali da hannunta ta ɗinke shi, ta san inda ya karkace. Shekara talatin da takwas ke nan suna tare, da 'ya'ya mata biyu, duk an aurar. Ita ce tafintarsa. In mutum ya yi masa wata magana ya tafi, Audu kan leƙa cikin gida ya maimaita mata kalma da kalma, ita kuma ta gaya masa abin da ake nufi.

Malam Sule ya rasu a 1998, ba a raba gidan ba, domin ba wanda ya tayar da zancen. Sai da aka zuba wa layin kwalta, maƙwabta suka fara fasa zaurukansu suna fitar da shaguna masu ƙofar ƙarfe, sannan Alhaji Nata'ala ya tuna yana da rabo a gidan ubansa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo da abokansa biyu, ya zauna a dakali, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi addu'a ga iyaye, ya yabi sana'ar gado, sannan ya iso inda za shi.

"Yaya, ka yi aiki haka nan. Ba ka da ɗa namijin da zai gaje ka, samarin yanzu kuma hular inji suke sawa, in ta yi dauɗa su yar. A rushe zauren nan, a fitar da shago uku, ka zauna a cikin gida ka huta, abincinka na zuwa."

"A'a," in ji Audu, ya ci gaba da bugu.

Wanda bai san birnin nan ba ba zai ga laifin amsar ba. A Kano ba a ce wa mutum a'a a gaban idonsa, balle a gaban abokansa. Cewa ake yi to, bari mu gani, in sha Allahu, sai mai nema ya gane, ya tafi da mutuncinsa. Da Audu ya faɗi haka, da maganar ta yi ta ja har su biyun su koma ga Allah zaure na tsaye. Amma kalmar nan guda ta soki Alhaji inda bai zata ba. Ya tashi ya kaɗe riga, ya yi sallama cikin ladabi, wata biyar bai sake tako layin ba. Hulunansa dai ba su yi fushi ba; direbansa na kawo su duk ranar Asabar, domin babu wanda ya iya tsayar da zanna kamar Audu.

A cikin watannin ne wani masanin kan shari'a na bakin kasuwa ya ba Alhaji shawara. In likita ya rubuta cewa hankalin Audu bai cika ba, alƙali zai naɗa masa wakili, wa kuma ya fi ɗan'uwansa cancanta? Alhaji ba mugu ba ne. Ya yi imani har zuciyarsa taimako zai yi, kuma ya yi sa'a taimakon ya faɗo daidai inda shagunan za su zauna. Ya gaya wa matarsa a asirce, ita kuma ta gaya wa wata a gidan suna da sharaɗin kada ta faɗa wa kowa, don haka kafin la'asar zancen ya iso Jakara.

Da Alhaji ya zo ya shiga cikin gida, Lauratu na tankaɗe.

"Matar Yaya, so nake in kai shi a duba masa ido. Shekaru sun ja."

"Idon da ke zura zare a allura ba tabarau? Kai da kake karanta waya hannu a miƙe kamar mai ba raƙumi ciyawa, kai ya kamata a duba, mijin wasa."

"Ke dai bakinki ba ya tsufa."

"Ina zai tsufa, ina da ƙanin miji irinka."

Da ya tafi ta fito zaure ta gaya wa Audu yadda abin yake, ba lulluɓi. Ta ce in ya ga dama ya ƙi zuwa, babu mai ɗaukarsa. Audu ya ajiye burushi. Ya dubi kawunan iccen a jere, da ramin da ƙafar mahaifinsa ta yi a daɓe, wanda tasa ta ƙara wa zurfi. Bai san wani wurin da zai iya wuni ba in ba nan ba. Amma akwai wani abu kuma. Shekara sittin ana taɓa goshi in ya wuce, ba wanda ya taɓa gaya masa mene ne ake nunawa.

"Zan je," ya ce. "Ranar Laraba, bayan azahar. Da safe akwai sitaci."

Ranar Laraba, huɗu ga watan Oktoba na 2023, suka tafi su uku a motar Alhaji. Lauratu ta cusa wa Audu auduga a kunne saboda hon ɗin 'yan adaidaita. Suka ratsa Mandawari, suka fita ta Ƙofar Nassarawa, inda a da mai keke kan sauka ya gai da dattawan da ke zaune a gindin ganuwa, yanzu kuwa ba dattawan, ba mai sauka. Asibitin yana wajen gari. Likitar yarinya ce a idonsu, Dakta Bushra, 'yar gidan Larabawan cikin birni, da Hausarta tsaf kamar ta kakanni. Ta gaishe su, sannan ta juya wurin Audu.

"Baba, a ɗakin nan in na yi tambaya, gaskiya nake so a gaya mini, komai ɗacinta."

Audu ya cire audugar kunne ɗaya. Bai taɓa shiga ɗaki mai irin wannan doka ba.

"Ka san abin da ya sa aka kawo ka?"

"Na sani. Nata'ala yana so ki rubuta ba ni da hankali, alƙali ya ba shi zaure."

"Subhanallahi. Yaya, wa ya gaya maka wannan magana?"

"Lauratu."

Lauratu ta ɗaga kai tana kallon fanka.

Likitar ba ta yi gaggawa ba. Laraba biyu tana tambaya tana rubutu. Ta tambayi Audu kwanan wata, da yadda gidan zai rabu in an raba, da abin da zai faru da shi in an rushe zaure. Ta tambayi Lauratu abin da yake ci, ta ce shekara talatin da takwas koko da ƙosai biyar ne karin kumallonsa, in aka ba shi shida ya mayar da ɗaya. Ta tambayi Alhaji yadda yarintarsu ta kasance, shi kuwa ya gyara zama ya zuba labari: jinkirin magana, tuwon maƙwabci, da ranar da Audu ya je ta'aziyya ana tsakiyar kuka ya tambayi 'ya'yan mamaci wa zai ba hulunan ubansu guda uku.

"Huɗu ne," in ji Audu. "Akwai ƙube."

"Kin gani ko, likita?"

Ta ce ta gani.

Laraba ta uku ta rufe fayil ta ɗora hannu a kai. "Baba, abin da na fahimta shi ne, tun daga haihuwa ƙwaƙwalwarka ta bi wata hanya daban wajen girma. A Turance autism muke cewa. A rediyo za ka ji ana cewa galahanga, ko da yake sunan an cusa masa abubuwa da yawa da ba su haɗa hanya ba. Ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, ba laifin kowa ba ne. Akwai masu shi da ba sa magana, sai an kula da su har iyakar rayuwa, akwai kuma irinka. Shi ya sa hayaniya take yi maka ciwo, shi ya sa ba ka son a taɓa maka tsari, shi ya sa magana in an lulluɓe ta take wuce ka. Shi ne kuma ya sa hula ɗari biyu ba sa rikice maka."

"Yana da suna ke nan."

"Yana da suna."

Audu ya ji irin abin da yakan ji in hular da ta daɗe a rataye mai ita ya zo ya karɓa.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Madalla. Tunda an gano cutar, sai a rubuta mana takardar. Kin san mu masu lafiya, nauyinsu a wuyanmu yake."

"Zan rubuta takarda, Alhaji. Za ta ce Malam Audu ya san kansa, ya san abin da ya mallaka, ya san abin da yake so da dalilinsa, ba ya buƙatar wakili. Sannan mu a aikinmu ba ma cewa masu lafiya. Neurotypical muke cewa."

"Wato masu cikakken hankali."

"A'a. Wato wanda ƙwaƙwalwarsa ta girma ta hanyar da ta yawancin mutane take bi. Ya yi magana lokacin da yara suke yi, ya gane fuska da habaici ba tare da an biya masa ba. Iyakarta ke nan. Kalmar ba ta ce mutum ya fi hankali ba, ko ya fi lafiya, ko ya fi kirki. Cewa ta yi irinsa sun fi yawa. An samo ta ne don a daina raba mutane gida biyu, a ce waɗannan lafiyayyu, waɗannan kuma marasa lafiya."

Alhaji Nata'ala, wanda tun yana goye ake gaya masa shi na daban ne, ya juya maganar a bakinsa. "Gama-gari ke nan."

"Ni ma a cikinsu nake," in ji likita.

"Hular inji," in ji Lauratu, tana gyara mayafi. "Kowane kai ta samu ta hau."

Audu bai yi dariya ba, tunani yake yi. "Likita, su ne masu tambayar abin da ba sa so su sani?"

Ta ɗan murmusa. "Mu ne, Baba."

"Ana warkewa?"

"Ba cuta ba ce. Halitta ce, kamar taka."

"To," ya ce. Ya ji tausayinsu ya kama shi, ga su da yawa kuma.

Alhaji ya ga zaman ya isa. Ya miƙe da sauri zai yi sallama, sai ɗakin ya ɗan juya masa, ya dafa bayan kujera.

"Alhaji, lafiya?" in ji likita.

"Lafiya lau. Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi."

"Ba lafiya lau ba ne," in ji Audu.

"Yaya, don Allah."

"Ta ce a ɗakin nan in ta yi tambaya gaskiya take so." Bai dubi kowa ba, hular ƙaninsa yake kallo. "Kansa lamba ashirin da uku ne tun 1990. Da azumin bana layin gumi ya hau da rabin yatsa, domin hular ta fara nutsewa. Bayan babbar salla ya kai yatsa guda. Yanzu takarda yake ninkewa yana sawa a ciki don ta zauna. Na tsinci takarda a hula tara. Wata bakwai ke nan yana ramewa."

"Me ya hana ka faɗa, Malam?" in ji Lauratu.

"Baba ya ce ba a yi wa mutum maganar jikinsa."

Ba Audu kaɗai ya ga ramar ba. Duk Kwari an gani, kuma duk wanda ya gani ya ce wa Alhaji ya ƙara yarinta. Matarsa ta ce gajiyar azumi ce, tela ya rage masa wuyan riga bai ce komai ba. Shi kansa ya sani, ya kuma gaya wa kansa lafiya lau, ya yarda.

"Alhaji, ko za ka ɗan cire hular?" in ji likita.

Da Audu aka tambaya, da ya ce a'a an wuce wurin. Alhaji bai iya ba. Ba a yi masa tarbiyyar da zai ce wa mutum a'a a gaban idonsa ba. Ya ce to, ya ɗaga ta a hankali. Katin ɗaurin aure, ninki huɗu, ya sulalo ya faɗi a kan tebur.

Likitar ta tambaye shi ƙishirwa, ya ce akwai 'yar kaɗan, gora shida ko bakwai a wuni. Ta tambaye shi yawan fitsari, ya dubi matar yayansa, ita kuwa ta juya tana kallon fanka. Takarda biyu Dakta Bushra ta rubuta a ranar. Ta farko ta miƙa wa Audu. Ta biyu ta miƙa wa Alhaji, ta ce ya wuce ɗakin gwajin jini tun kafin ya koma mota. Ciwon suga ne, ya yi nisa. Likitan da ya karɓe shi ya ce da an ƙara wata biyu, da wani zancen ake yi. Sai da ya yi kwana shida a gadon asibiti, jama'a suna cika ɗakin suna tambayarsa yaya jiki, yana cewa da sauƙi. Audu ya je dubiya sau ɗaya, ranar Laraba bayan azahar, ya tambaye shi yaya jiki, ya tsaya yana jiran amsa. Sai Alhaji ya ce ƙafafunsa suna yi masa zafi kamar ya taka garwashi, kuma yana jin tsoro. Audu ya ce to, ya zauna har la'asar.

Takardar farko Lauratu ta sa ta a leda ta ajiye a ƙasan adaka. Ba ta da tabbas ko za a kai ga alƙali. Wanda ya fara nufin zaure yana iya neman wani likitan. Audu kuwa kullum da safe in ya buɗe ƙofa sai ya dubi itatuwan azarar rufin ya ƙirga, kamar mai sallama da su.

Asabar ta uku bayan an sallamo Alhaji, da hantsi, mota ta tsaya a bakin layi. Ba direba ne ya fito da ƙunshin huluna ba, shi ne da kansa, yana takawa a hankali. Ya zauna a dakali ya yi gaisuwa, Audu ya amsa shida ɗinsa. Alhaji ya yi maganar zafin rana, da tsadar magani, da yadda aka hana shi fura da zuma da duk wani abin da ya sa ake son rai. Ya dubi bangon zauren, ya ce ginin da daban ne, ga sanyi ba fanka. Da ya tashi tafiya ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula.

"Yaya, maganar nan ta shaguna. To, bari dai mu gani. In sha Allahu."

Ya tafi. Audu ya bi motar da kallo har ta sha kwana. Ya leƙa cikin gida, Lauratu na tsince shinkafa, ya maimaita mata kalma da kalma.

"Yaushe zai gani? In masu rushewa za su zo, sai na san ranar, akwai hulunan mutane."

"Ba mai zuwa, Malam. Ya fasa."

"Bai ce ya fasa ba."

"Ya ce. Har haƙuri ya ba ka."

"A ina?"

"Inda ya yabi bango."

Audu ya tsaya yana juya maganar. "Me ya hana shi ya ce ya fasa?"

"Ai ka ji likita, haka aka halicce su. Sai haƙuri."

Ya koma zaure ya kwance ƙunshin. Hula bakwai ne, ya zazzage kowace, babu takarda a ko ɗaya. Ya jiƙa su, ya goge, ya sa sitaci. Da ya zo kifawa hannunsa ya tafi kan icce mai lamba ashirin da uku, inda ya saba zuwa shekara talatin da uku. Ya dakata, ya ɗauko ashirin da biyu. Ashirin da ukun bai mayar da shi cikin jeri ba, ya ajiye shi nan kusa da ƙafarsa, inda hannu zai kai.